An tura mahaifiyata Yamai hoton ido, anya ba asarar kuɗi ba ce?

Tambaya: Wani bawan Allah daga Tawa ya rubuto cewa mahaifiyarsa ta haura shekara sittin, ta daɗe tana fama da ciwon sukari, kuma tun bara take kukan hazo a idon dama, har ta kai ba ta iya zura zare a allura, fuskar mutum ma sai ya yi magana take shaida shi. Sun kai ta asibiti can Tawa, aka ɗiga mata magani aka haska idon. Suna jiran a ba su magani ko tabarau, sai aka miƙo musu takarda su je Yamai a ɗauki hoton bayan ido, a kuma yi wani gwaji mai suna OCT. Yana so ya sani: hoton zai warkar da ita? Hasken na'urar ba zai ƙarasa idon ba? In aka haɗa kuɗin mota da na masauki da na hoton, ba gara a saya mata magani ba?

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita. Ku kawo ta. Hoto dai ba ya warkar da kowa, wannan gaskiyarka ce. Amma maganin da kake cewa gara a saya, wanne ne daga ciki? Tsohuwa mai ciwon sukari in ta ce tana ganin hazo, yana iya zama yanar ido ce ta rufe shi, yana iya zama ruwa ne ya taru a tsakiyar wurin gani, ko jini ya tsiyaya a cikin ido, ko gilokoma wadda mutane ke kira hawan jinin ido, ko kuma sukarin ne kawai ke hawa da sauka yana sauya ƙarfin gani. Dukansu a bakin maras lafiya sunansu ɗaya, hazo. A hannunmu kuwa ɗaya aikin fiɗa yake so, ɗaya allura a cikin ido, ɗaya leza, wato wani haske mai ƙarfi da ake yi wa bayan ido aiki da shi, ɗaya ɗigo har ƙarshen rayuwa, na ƙarshen kuma ba ya son komai sai a daidaita sukari. Wanda ya shiga farmasi ya ce a ba shi maganin hazo, yawanci ɗigo mai kotizon ake miƙo masa. Ja da ƙaiƙayi suna lafawa, a ce an dace, alhali in an daɗe ana ɗiga shi yana tayar da matsin cikin ido, yana kuma gaggauta yana.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani da muke kira ratina, shi ke karɓar haske, jijiyar gani kuma ta kwashi saƙon ta kai ƙwaƙwalwa. A tsakiyar tantanin akwai ɗan gurbi, makula, wanda da shi ake karatu, ake tsince tsakuwa a shinkafa, ake gane fuska. Ciwon sukari in ya daɗe ƙananan jijiyoyin jini yake ci, waɗansu su toshe, waɗansu su riƙa yoyo. A duk jikin ɗan Adam, bayan ido ne wurin da ake ganin jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka fata ba, kuma tun 1851 ake leƙa shi, lokacin da wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin haska cikin ido. Abin da abokin aikinmu na Tawa ya yi ke nan, kuma kada ka raina shi, shi ne tushen duk wani gwajin da zai biyo baya. Ya leƙa, ya ga abin da bai kwanta masa ba. Sai dai ido ba mudu ba ne, kima kawai ya sani. Likita zai iya cewa makula ta kumbura. Nawa ta kumbura, a wane sashe ruwan yake, ya ƙaru ko ya ragu daga watan jiya, wannan ya fi ƙarfin idonsa komai ƙwarewarsa.

Hoton bayan ido shi ne mai sauƙin fahimta. Kamara ce ta musamman, walƙiya ɗaya ta ɗauka. Za a nuna maka da'ira ja mai ruwan lemo, a gefe guda akwai wani fai mai haske, kan jijiyar gani ke nan, daga cikinsa jijiyoyin jini suka fito suka bazu. A idon mai sukari sai ka ga ƙananan ɗige-ɗige ja warwatse, wuraren da bangon jijiya ya yi rauni ko jini ya ɗan fita; ka ga ƙyalli-ƙyalli ruwan ɗorawa, kitse ne da ya biyo ruwan da ya yi yoyo ya zauna; wani wuri kuma fari-fari dishi-dishi, inda jini ya daina kaiwa. Abin da muka fi tsoro shi ne sababbin jijiyoyi sirara masu cukurkuɗewa. Ido ne ke tsiro da su don neman jini, amma ba su da ƙwari, su ne ke fashewa dare ɗaya mutum ya wayi gari ba ya gani. Da wannan hoton ake sanin matakin da ciwon ya kai, kuma shi ake ajiyewa a gwada da na baɗi.

OCT kuma wani abu ne daban. Kai mutumin Adar ne, ka san mai tsaye a bakin gona fuskar ƙasa kawai yake gani, amma maginin rijiya in ya nutsa yana ganin bango daki-daki, ga yashi, ga laka, ga dutse, ga inda ruwa ke tsattsafowa. Hoton farko fuskar ƙasa ce, OCT bangon rijiya. Na'urar tana aika wani haske mai laushi cikin ido, tana auna yadda yake dawowa daga kowane sashe, sai kwamfuta ta zana tantanin a tsaye. Masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin James Fujimoto, suka bayyana dabarar a 1991, ta shiga asibitoci tun daga 1996, yau kuma babu wani gwajin da ya sauya aikinmu kamarta. Da mikron take awo, wato milimita ɗaya a raba ta dubu. Kaurin tsakiyar makula mai lafiya yana wajen mikron 250, na'urar kuma tana rarrabe abin da bai wuce mikron 5 zuwa 7 ba.

A takardar da za a ba ku, makula mai lafiya tana da ɗan kwarmi a tsakiya, layukanta a jere sumul. In ruwa ya shiga, kwarmin ya cike ya koma tudu, a cikinsa ka ga ramuka baƙaƙe zagayayyu. Ruwan ke nan. Lambar da ke tsakiyar taswirar tana iya haura 400 ko 500. Akwai kuma wani siririn layi mai haske can ƙasa da muke duba da kyau, na ƙwayoyin da ke karɓar haske. In yana nan bai yanke ba, muna da kyakkyawan zato cewa in ruwan ya janye gani zai ƙaru. In ya riga ya goge, gara a gaya muku tun da wuri cewa abin da za a yi shi ne tsare abin da ya saura, don kada a sayar da akuya da tunkiya ana jiran abin da ba zai dawo ba. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalilin tafiyar.

Ga yadda sakamakon ke juya magani. In ruwa ya kama tsakiyar makula kuma gani ya ragu, abin da aka fi yi yanzu shi ne allura a cikin ido, irin su Avastin, Lucentis da Eylea, masu hana jijiyoyi yoyo. Sunan ya fi aikin ban tsoro, ana kashe wurin da ɗigo, cikin ƴan mintoci an gama. Nauyinta yana wurin maimaici: da farko kusan kowane wata ake yi, kuma OCT ce ke faɗin ko a ƙara, ko a tsawaita tazara, ko a dakata. In ruwan yana gefe bai taɓa tsakiya ba, ko yana nan kaɗan amma gani bai ragu ba, sau da yawa sa ido ake yi a matsa wa sukari da hawan jini, ba a taɓa idon. In kuwa hoton ya nuna sababbin jijiyoyin nan, to leza ce. Babban binciken da aka yi a Amurka cikin shekarun 1970 ya nuna tana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi. Allura ma tana kwantar da su, amma ga mai zuwa daga nisan kilomita sama da 500, wanda damina ko rashin kuɗi ko halin hanya kan iya hana shi dawowa wata uku, na fi natsuwa da leza, domin aikinta yana zama, allura kuwa in an yanke ta ciwon yana dawowa, wani lokaci da ƙarfi. Wannan magana ce da ya kamata ka yi da likitan ƙeƙe-da-ƙeƙe. Ka gaya masa daga ina kuke, da sau nawa za ku iya zuwa a shekara.

Akwai wata matsala da nake yawan gani. Ana shelar aikin yanar ido kyauta, a kwashi tsofaffi a kai, kuma alheri ne babba, don yana ita ce kan gaba wurin makantar da mutane a ƙasashenmu. Amma mai sukari yana iya haɗa biyu, ga yana a gaba ga kumburi a baya. A cire yanar tsaf, aiki ya yi kyau, a buɗe bandeji gani bai ƙaru yadda aka zata ba, dangi su ce likita ya ɓata ido. Ƙari a kan haka, aikin kansa yana iya ƙara kumburin in ba a kula da shi ba tun farko. Saboda haka ko da an ce Hajiya tana da yana, a fara sanin abin da ke bayanta.

In yanar ta yi kauri ko jini ya cika ido, haske ba ya ratsawa, kamara da OCT duk ba sa ganin komai. Nan sai eko, irin wadda ake yi wa masu ciki amma da ƙaramin kai, a shafa mai a fatar ido a rufe a ɗora. Ita da sauti take aiki, tana nuna ko tantanin ya ɓallo daga bango, ko jini ne kawai, ko akwai ƙari. Da irinta kuma ake auna tsawon ido kafin aikin yana don a zaɓi gilashin da za a dasa. Tsawon idon babba yana wajen milimita 23 zuwa 24, kuma kuskuren milimita ɗaya yana barin mutum da tabarau mai kauri bayan aiki. Wani lokaci kuma kafin leza ana buƙatar hoton rini: a yi allurar wani ruwa a jijiyar hannu, a bi shi da kamara yana zagaya bayan ido, inda ke yoyo ya haska, inda ya toshe ya yi duhu. Tun 1961 ake yin sa. Fata takan yi rawaya na ƴan awoyi, fitsari ya yi rawaya shar har washegari, waɗansu su ji tashin zuciya na ɗan lokaci, kuma jefi-jefi ana samun wanda jikinsa ya ƙi rinin sosai. Don haka in Hajiya na da ciwon ƙoda, ko asma, ko wani magani ya taɓa yi mata borin jini, a faɗa kafin a fara. Ba a rubuta muku shi ba, kada ku neme shi da kanku.

Batun tsoron hasken kuwa, ka kwantar da hankalinka. OCT da kamarar ido ba irin hoton ƙashi ba ne, babu wani tururi mai lahani a cikinsu, kuma ba a taɓa ƙwayar idon. Hajiya za ta zauna, ta ɗora haɓa a wani ɗan kwano, goshi ya jingina da maɗauri, a ce ta kalli wani ɗigon haske kada ta ƙifta. Daƙiƙoƙi ne. Walƙiyar kamara takan bar duhu-duhu na minti ɗaya ko biyu ya washe. Abin da ke firgita mutane shi ne ɗigon buɗa ido. Yana ɗan yaji, yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya kama, sannan awa huɗu zuwa shida gani na kusa ya dagule, rana kuma ta yi ta kashe ido, balle ranar Yamai. Sai a koma gida a ce na'ura ta ƙone ido. Magani ne, zai sake ta. Ku zo da baƙin tabarau ko mayafi mai duhu, a riƙe mata hannu wurin tsallaka titi. In dai bayan ɗigon ido ya yi ja da ciwo mai tsanani da ciwon kai da amai, abin da ba kasafai yake faruwa ba, a koma asibiti a daren, kada a jira safiya.

Tun da an zo, a roƙi a duba jijiyar gani a auna matsin ido. Gilokoma ta fi yawa a wurin baƙar fata, tana kama mu da wuri, kuma ba ta ciwo. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu kusan mutum biyar cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ita, mafi yawansu ba su sani ba, kuma babu dalilin zaton iyakar Ƙonni ta tare ta. Jijiyar gani tana da zare sama da miliyan ɗaya, wanda ya mutu ba ya dawowa, mutum kuma yana iya rasa kaso mai yawa kafin ya lura. Matsin da aka saba gani yana tsakanin 10 da 21, amma akwai masu ciwon da matsinsu bai taɓa wuce haka ba, shi ya sa awon matsi kaɗai ba ya wanke mutum. OCT tana auna kaurin zaren da ke kewaye da jijiyar, ta shafa masa launi, kore ko rawaya ko ja. Sai dai a yi hattara da launukan nan. Na'urar tana gwada idonka ne da na wasu ƴan ɗaruruwan mutane da aka zuba mata a ciki, kuma ido mai tsawo ko hoton da ya fito dishi-dishi yana iya yin ja ba ciwo, ko ya yi kore alhali ciwo ya fara. Likitan da ya ɗora mutum kan ɗigo na har abada don ya ga ja a takarda, bai duba jijiyar da idonsa ba, bai yi gwajin faɗin gani ba, ya yi gaggawa.

Kuma ba zan ɓoye maka ba, ana rubuta hoton da ba shi da amfani. Na'urorin nan suna da tsada, wanda ya saya yana so ya mayar da kuɗinsa. Yaro mai jan ido na apolo, ko ɗan shekara 45 da ke son tabarau na karatu kuma an duba bayan idonsa lafiya, babu abin da OCT za ta ƙara musu. Tambaya ɗaya ke raba gardama, kuma haƙƙinka ne ka yi ta cikin ladabi: likita, in hoton ya nuna kaza me za a yi, in bai nuna ba me za a yi? In amsar biyu ɗaya ce, kuɗin hoton ya tafi a banza. A lamarin Hajiya amsoshin sun sha bamban. Ka ƙara da tambaya ta biyu: inda za a ɗauki hoton, akwai leza da allura, ko za a sake tura mu wani wuri? Ku san wannan tun kuna Tawa. A Yamai akwai sashen ido a manyan asibitocin gwamnati, akwai kuma na kuɗi; wanda ya rubuta takardar ya gaya muku inda zai fi, ku kira ku tabbatar na'urar tana aiki, ku ji farashi, ku karɓi rana, kafin ku kama hanyar Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso da tsohuwa.

Ranar gwajin ba a son ta zo da yunwa. Ta karya, ta sha maganinta yadda ta saba, ku riƙo ɗan abin taɓawa don layi yana iya tsawo. Ku zo da duk kwalayen maganin da take sha da na ɗigawa, har wanda maƙwabciya ta ba ta, da littafin awon sukari. In da hali a yi mata gwajin jinin nan da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku, HbA1c, wanda ga yawancin mutane ake son ya tsaya wajen 7 cikin ɗari, a kuma auna hawan jini da ƙoda, domin abin da ke cin jijiyoyin ido shi ke cin na ƙoda. Allurar ido ba ta cin nasara a jikin da sukari da hawan jini suke yadda suka ga dama. Tabarau kuma a dakata da shi sai sukari ya zauna, in ba haka ba wanda aka yanka yau ba zai yi mata daidai ba bayan wata guda.

Sannan abin da mutane suka fi sakaci da shi, alhali shi ne rabin amfanin kuɗin da aka kashe: kada ku baro hoton a asibiti. Hoto ɗaya halin yau kawai yake faɗi. Sai an jera shi da na wata uku ko na shekara sannan a san ko ciwo na tafiya ko ya tsaya, ko allura na aiki ko kuɗi ake zubarwa. Ku karɓi takardar mai launi, ku roƙi a tura muku shi a waya. In ta WhatsApp ne a aiko shi a matsayin fayil, don in an aiko shi kamar hoton biki yana rage kyau. Takardar eko kuwa zafi yana goge ta, ka ɗauke ta da waya tun ranar. A sa komai a leda ɗaya, a kai wa likitan Tawa ya gani, shi ne zai ci gaba da bin ta. In za a maimaita OCT, a yi ƙoƙari a koma kan na'urar farko, saboda awon kamfani da kamfani yana bambanta, 300 a wannan ba lalle ta zama 300 a waccan ba.

Idon hagu ma a ɗauke shi ko da ba ta kuka da shi, don ciwon sukari ido biyu yake bi, kuma wanda bai fara hazo ba shi ne aka fi iya cetowa. Kusan ɗaya cikin uku na masu sukari suna da alamunsa a bayan ido. Ƙa'idar ita ce babban da aka gano yana da sukari a duba bayan idonsa tun lokacin, sannan kowace shekara. Mace mai sukari in ta samu ciki a duba ta tun farkon cikin. Ingila ta fara ɗaukar hoton idon masu sukari a kai a kai tun 2003, kafin shekara goma ciwon ya sauka daga matsayin na farko wurin makantar da masu ƙarfin aiki a can. Yanzu akwai ƙananan kamarori na hannu da ma'aikacin jinya zai iya ɗauka da su a tura wa likita daga nesa, har da manhajar da ke karanta hoton da kanta, wadda Amurka ta fara amincewa da irinta a 2018. Irin wannan ya kamata a gani a duk inda ake karɓar maganin sukari a Tawa da Madawa da Illela, a riƙa tace waɗanda lalle sai sun zo Yamai. Kai ma, tun da mahaifiyarka na da shi, ka auna sukarinka, in ka kai 40 a duba maka jijiyar gani. In a gidan akwai mai emasi, wato sikila, musamman mai nau'in SC, shi ma bayan idonsa na son dubawa, don nasa ciwon daga gefen tantanin yake farawa shiru.

Kafin ranar tafiya, in Hajiya ta ce ta ga baƙaƙen abubuwa masu yawa suna yawo a idonta farat ɗaya, ko walƙiya, ko wani duhu ya sauko ya rufe gefe guda, ko gani ya ɗauke gaba ɗaya, kada a jira ranar da aka ba ku. A kai ta asibitin Tawa a ranar, a tafi da takardar da aka rubuta muku.